Littattafan zamanin kaboyi da mutanen da ba a san asirinsu ba sai a wurin wankan gawa

Ummi_Karatu:
Assalamu alaikum 'yan zauren adabi. Na gama karanta Days Without End na Sebastian Barry, marubucin nan ɗan ƙasar Ailan, wanda ya fito a 2016, kuma wata tambaya ta tsaya mini a rai. Labarin wani yaro ne, Thomas McNulty, da yunwar da aka yi a Ailan ta kashe masa iyaye, ya tsallako Amurka, ya gamu da wani yaro mai suna John Cole a Missouri. Don su samu abin kaiwa baka, suka karɓi aikin sa rigunan mata suna rawa da masu haƙar ma'adinai a wata mashaya, saboda garin babu mata. Da suka girma suka shiga soja, suka yi yaƙi da 'yan asalin ƙasar, suka yi yaƙin basasa. A hankali Thomas ya gane cewa John ya wuce aboki a zuciyarsa, kuma rigar da ya fara sawa don neman abinci ita ce ya fi samun natsuwa a cikinta.

Abin da nake son sani: irin wannan labari na mutum ya gane kansa a yammacin Amurka na shekarun 1850, yana da tushe a tarihi? Ko marubutan yau ne ke ɗauko damuwar zamaninsu su ɗora wa mutanen da suka daɗe a ƙasa?

Sadauki77:
Wa alaikumus salam. Ni dai na taso ina kallon fina-finan kaboyi, ban taɓa ganin abu makamancin wannan ba. Doki ne, bindiga ce, sai fashin jirgin ƙasa. Ƙari ne kawai na marubutan yanzu don littafi ya samu kasuwa.

Malam_Tarihi:
Sadauki, fim ɗin kaboyi ai shi ma ƙage ne, kuma an yi shi ne bayan zamanin ya wuce. Fina-finan nan da wuya ka ga baƙar fata a kan doki, alhali baƙaƙe da mutanen Meziko suna da yawa ƙwarai cikin masu kora shanu. Saboda haka rashin ganin abu a fim ba hujja ba ce.

Malama Ummi, batun rawar nan yana da tushe. An gano zinare a Kalifoniya a 1848, jama'a suka yi ta kwarara, kuma ƙidayar 1850 ta nuna fiye da kashi 90 cikin 100 na mutanen da aka ƙirga a jihar maza ne. A sansanonin haƙa abin ya fi haka tsanani. Wani ɗan Sikotland, J. D. Borthwick, da ya zauna a can ya rubuta a littafinsa na 1857 yadda ya ga ana rawa a wani sansani da ake kira Angel's Camp, aka yi yarjejeniya cewa duk mai faci a wandonsa shi ne zai tsaya a matsayin mace. Maza ne ke girki, maza ne ke wanki, maza ne ke jinyar juna. Wannan duk an rubuta. Abin da ba a rubuta ba shi ne abin da ke cikin zuciyar mai facin yayin da ake rawar.

Abu_Sumayya:
Ina da magana. Addininmu ya yi hukunci a kan wannan al'amari, kuma hukuncin a fili yake. Ban ga amfanin kawo irin wannan littafi zauren da akwai matasa ba.

Mai_Gudanarwa:
Malam Abu Sumayya, mun ji, kuma matsayinka a bayyane yake. Zauren nan mun karanta littattafan yaƙi, na cinikin bayi, na kisan kai, ba don mun yarda da abin da ke ciki ba. Ba a nemi kowa ya sauya aƙidarsa ba. Sharaɗi biyu ne: a tsaya a kan littafi da tarihi, kuma ba zagi, ko ga ɗan zaure ko ga mutanen da ake magana a kansu. Ka zauna da mu, muna buƙatar ra'ayinka.

Nura_Jos:
Ba shi ne Brokeback Mountain ba? Na ji labarinsa.

Zinariya:
A'a Nura, wancan daban ne. Gajeren labari ne na Annie Proulx da ya fito a 1997, kuma abin da ke cikinsa ya fara ne a 1963 a Wyoming, zamanin mota da rediyo. Makiyayan tumaki ne ma. Wanda Anti Ummi ke magana ya girme shi da shekara ɗari da wani abu, lokacin da ake ƙwace ƙasar.

Ni ina so in kawo Charley Parkhurst. An haife shi a 1812 a gabashin Amurka, ya zo Kalifoniya a farkon shekarun 1850, ya zama ɗaya daga cikin fitattun matuƙa keken dawaki mai ɗaukar fasinja da wasiƙu da zinare a hanyoyin duwatsu. Doki ya harbe shi ya rasa ido ɗaya. Yana tauna taba, yana sarrafa dawaki shida lokaci guda. Ya rasu a Disamba 1879 kusa da Watsonville, kuma sai da maƙwabta suka zo shirya gawa aka ga jikin mace ne. Jaridu suka ɗauka har gabashin ƙasar. Sunansa ma yana cikin rajistar masu zaɓe ta 1868, zamanin da mace ba ta da ƙuri'a a Kalifoniya. To, Sadauki, wannan ba marubucin yau ne ya ƙago shi ba.

Sadauki77:
Wannan ai mace ce da ta ga aikin maza ya fi kawo kuɗi, ta sa wando. Talauci ne. Ina ruwan wannan da gane kai?

Zinariya:
Idan neman kuɗi ne kawai, me ya sa bayan ya ajiye tuƙi ya koma noma da saran itace, ya tsufa, ciwon daji ya kama masa harshe, bai koma ba? Shekaru da dama ba wanda zai kore shi daga aiki. Ya zaɓi ya mutu a Charley.

Malam_Tarihi:
Ku biyun kowa ya riƙe gefe ɗaya na gaskiya. Akwai waɗanda lalura ce ta sa su, kuma sun faɗa da bakinsu. Cathay Williams baiwa ce a Missouri, ta shiga soja a 1866 da sunan William Cathay, cikin rundunar baƙaƙe, ta yi aiki a New Mexico har likitan soja ya gano ta aka sallame ta a 1868. Daga nan ta koma rayuwar mace, tana girki da wanki a Colorado. Da wata jarida ta yi hira da ita a 1876, bayaninta shi ne tana son ta ci da kanta, kada ta dogara da dangi. Ita kam maganar Sadauki ta hau kanta daidai.

Charley kuwa bai bar wasiƙa ba, bai bar littafin ajiye sirri ba, ba wanda ya tambaye shi. Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska, to nan fuskar ma babu. Wani masanin tarihi, Peter Boag, ya fitar da littafi a 2011 bayan ya bi tsofaffin jaridu ya tattaro ɗaruruwan irin waɗannan labarai. Abin da ya lura shi ne, daga baya masu ba da tarihi suka riƙa bi suna gyara su: mace mai shigar maza a ce lalura ce ko bin saurayi, namiji mai shigar mata kuwa a ce ai baƙo ne, ɗan Meziko ne ko ɗan Sin, ko a share shi gaba ɗaya. Ke nan sharewar ma wani ne ya zauna ya yi ta.

Hajiya_Kulu:
Malam, ba mu misalin na biyun. Mace ta sa wando don ta samu aiki, hankali ya ɗauka. Namiji ya bar matsayinsa a wancan zamani ya koma shigar mata, me zai samu?

Malam_Tarihi:
Hajiya, tambayar ke nan da ta sa labarin Misis Nash ya fi kowanne tsaya mini. Mai wanki ce a rundunar dawaki ta bakwai ta sojan Amurka, wadda kwamanda George Custer ya jagoranta, a barikin Fort Abraham Lincoln da ke yankin Dakota. Ta iya ɗinki, ta iya toye-toye, ita ce ungozomar matan hafsoshi. Matar Custer, Elizabeth, ta yabe ta a littafin da ta fitar a 1885. Ta yi aure da sojoji bi da bi, na ƙarshe John Noonan. Ta rasu a ƙarshen Oktoba 1878 mijin yana bakin aiki a daji. Matan da suka zo shirya gawarta suka ga jikin namiji ne, magana ta fita, jaridu suka baza. Da Noonan ya dawo, abokan aikinsa suka sa shi gaba da ba'a. Wajen wata ɗaya bayan rasuwarta ya harbe kansa.

Abu_Sumayya:
Ra'ayina a kan asalin al'amarin yana nan yadda na faɗa. Amma wannan labari ya taɓa ni ta wani wajen. Mai wankan gawa amana aka ba shi. A wurinmu, abin da ka gani a jikin mamaci ka binne shi tare da shi, ko matarka ba ka gaya wa. Waɗannan mata an kira su su suturta, suka tona, aka kai jarida, har wani ran ya salwanta a dalilin haka. Mutumin da ya karɓi haihuwar 'ya'yansu, ya wanke musu kaya shekara da shekaru. Hisabinsa yana wurin Ubangijinsa, ba a hannun 'yan jarida ba.

To shi ne nake tambayar masu son waɗannan littattafai: marubucin da ya zo bayan shekara ɗari ya sake buɗe wannan gawa, har ya shiga zuciyarta ya ce ga abin da take ji, da me ya bambanta da waɗancan matan?

Ummi_Karatu:
Malam Abu Sumayya, Allah Ya saka da alheri, wannan tambaya ta fi tawa nauyi. Ga yadda nake gani. Tonawar an riga an yi ta tun 1878, kuma abin da ya rage a takarda shi ne dariyar bariki da kanun jarida. Idan marubuci bai taɓa ba, wannan dariyar ce kaɗai za ta wakilci Nash har abada. Mai ƙagaggen labari yana iya mayar mata da abin da jarida ta cire: cewa mutum ce mai sana'a, mai tsoro, mai wanda take jira ya dawo daga daji. Amma na yarda akwai bambanci tsakanin ka ƙagi mutum irin Thomas, wanda bai taɓa rayuwa ba, da ka ɗauki sunan mamaci na gaske ka sa masa magana a baki.

Binta_Damagaram:
Ni ma nan nake tsayawa. Marubuciya Emma Donoghue ta yi na biyun a littafinta Frog Music, 2014. Jenny Bonnet mutum ce ta gaske, tana kamun kwaɗi tana sayar wa gidajen abinci a San Faransisko, an sha kama ta saboda shigar maza, domin birnin ya kafa doka a 1863 da ta hana mutum fita cikin tufafin da ba na jinsinsa ba. An harbe ta a 1876 a wani masauki a bayan gari, ba a hukunta kowa ba. Abin da ya burge ni shi ne marubuciyar ba ta shiga kan Jenny ba. Ta ba da labarin ta idon ƙawarta Blanche, saboda haka mai karatu yana ganin Jenny daga waje, kamar yadda mutanen zamaninta suka gan ta. Wannan ladabi ne ga mamaci.

Kuma ku lura da dokar nan. Hukuma ba ta kafa doka a kan abin da babu shi.

Ɗan_Kumasi:
Ni tsorona wani ne daban. Mutanen wancan zamani maza biyu kan kwana gado ɗaya a masauki don babu wuri, suna rubuta wa juna wasiƙu masu zafin ƙauna, ba wanda ya ɗauke shi wani abu. Mu ma nan aboki kan riƙe hannun abokinsa su yi tafiya a kasuwa, Bature ya gani ya fassara da abin da ke kansa. Idan marubucin yau ya mayar da kowace abota ta zama soyayya, ya yi wa abota rashin adalci. Aminci tsakanin maza abu ne mai zaman kansa.

Zinariya:
Gaskiya ne Yaya, ba kowace ba. Amma kuma ba za a ce babu ko ɗaya ba. Nash da Noonan aure suka yi, gida ɗaya suka zauna.

Malam_Tarihi:
Ƙari a kan maganar Ɗan Kumasi: mutumin 1855 ba ya tunanin kansa a matsayin ɗan wani rukuni mai suna da tuta. Wannan tunani ya fara ne a rubuce-rubucen likitocin Turai a ƙarshen ƙarni na 19. Mutanen da muke magana a kansu sun san zunubi, sun san doka, sun san abin kunya, sun san kuma wanda suke so. Shi ya sa littafin da jaruminsa zai tsaya a gaban madubi ya yi jawabin karɓar kai irin na yau, ni a wurina ya faɗi. Ƙarfin littafin Barry shi ne Thomas ba ya dogon bayani. Yakan faɗi abin a jimla ɗaya ya wuce zuwa maganar yunwa da sanyi da kwarkwata. Haka talakan soja zai yi.

Aisha_Maraɗi:
Kun yi ta magana a kan Turawa, ba wanda ya ambaci masu ƙasar. Wannan ne ke ba ni haushi da yawancin littattafan nan. Ana nuna yamma a matsayin fili fetal inda mutum zai gudu daga idon dangi da coci ya zama abin da yake so. Filin wa? Dokar 1862 da ta ba kowane mai nema eka 160 idan ya zauna shekara biyar, ƙasar wasu ta raba. 'Yancin da jarumin ya samu, a kan kabarin wani ya same shi.

Kuma da yawa daga cikin al'ummomin nan suna da gurbi sananne ga irin waɗannan mutane tun kafin Bature ya zo. Kabilar Zuni suna kiran irin waɗannan mutane lhamana. We'wha, wadda ta rayu daga 1849 zuwa 1896, an haife ta namiji, ta yi shigar mata, ta ƙware a saƙa da ginin tukwane, tana da matsayi a harkokin ibadarsu. A 1886 ta je Washinton tare da mai binciken al'adu Matilda Coxe Stevenson, ta yi watanni, har ta gana da shugaban ƙasa Grover Cleveland, manyan birnin suna ɗaukarta mace. Kabilar Crow kuwa suna kiran nasu badé. Osh-Tisch, ɗaya daga cikinsu, ta yi yaƙin Rosebud a Yuni 1876, a ɓangaren sojan Amurka ma, domin Crow na gaba da kabilar Lakota da sojan ke yaƙa. Sakayyar da ta samu ita ce daga baya wakilin gwamnati ya tilasta wa badé aske gashi da sa kayan maza da aikin ƙarfi, sai da shugabanninsu suka tashi tsaye a kan lamarin. Su waɗannan ba su buƙaci su gano kansu a daji ba, jama'arsu ta san su. Zuwan baƙin ne ya rufe musu ƙofa.

Nura_Jos:
Kamar 'yan daudu ke nan a wurinmu?

Aisha_Maraɗi:
Akwai kama ta fuskar sana'ar mata da zama a tsakani, amma kada mu haɗa su. Lhamana tana da kujera a cikin addinin jama'arta, ana girmama ta a kan haka. Ɗan daudu ana sayen abincinsa a tasha, ana dariyar zancensa, amma ba a ba shi wannan matsayi ba. Kowace al'umma da tarihinta.

Ummi_Karatu:
Anti Aisha, don adalci, Barry bai ɓoye wannan ba. Thomas da John suna cikin sojojin da suka kashe mata da yara a ƙauyukan 'yan asalin ƙasar, kuma yarinyar da suka riƙa a matsayin 'ya, Winona, marainiya ce daga mutanen da rundunarsu ta hallaka. Wurin nan ya dame ni ƙwarai. Ina tausayin Thomas, kuma ina ganin jini a hannunsa.

Aisha_Maraɗi:
Na sani, na karanta. Amma har yanzu yarinyar tana cika musu gida ne, labarin nasu ne. Sai a littafi na biyu, na 2020, ya ba ta baki. Ni ina jiran ranar da za mu karanta wanda ɗan Zuni ko ɗan Crow ya rubuta da kansa.

Hajiya_Kulu:
Ni abin da na tsinta a duk bayanan nan shi ne kuɗi. Wa ya samu sararin? Na taɓa karanta labarin William Drummond Stewart, ɗan sarautar Sikotland da ya yi shekaru a duwatsun Rocky a shekarun 1830 tare da masu farautar fatu. Ya shaƙu da wani maharbi, Antoine Clement, ɗan Bafaranshe da 'yar kabilar Cree, har ya tafi da shi gidansu na gado a Sikotland a matsayin hadiminsa. Ba wanda ya kama shi, ba jaridar da ta yi masa tsirara. Mai wanki kuwa ko gawarta ba ta tsira ba. Marubucin da zai gaya mini yamma ta ba kowa 'yanci, sai ya fara gaya mini nawa ke aljihun jaruminsa.

Sadauki77:
Duk da haka ni ban gamsu ba. Kun kawo mutum biyar ko shida cikin miliyoyi. Yanzu kuma littattafan sun yi yawa har mai karatu zai ɗauka rabin kaboyi haka suke.

Binta_Damagaram:
Ɗan'uwa, 'yan bindigar da ke fito-na-fito a tsakiyar titi da tsakar rana su ma ba su da yawa a tarihi, amma an yi musu fina-finai ba adadi, ba ka yi ƙorafi ba. Adabi ba ƙidaya ba ne. Kuma waɗanda muka sani su ne waɗanda aka tona. Wanda ya samu mai wanka mai riƙon amana, irin wanda Malam Abu Sumayya ya kwatanta, ba za mu taɓa jin sunansa ba.

Abu_Sumayya:
Kuma hakan ya fi masa, Malama Binta. Ni har yanzu ina ganin shiru ya fi alheri ga mamaci, ko da niyyar marubucin kyakkyawa ce. Wanda ya ɓoye abu shekara hamsin, ya nuna maka abin da yake so.

Zinariya:
Ko kuma ya nuna maka abin da yake tsoro, Malam. Ɓoyewa a garin da ake ɗaure mutum saboda wando ba lalle ne zaɓi ba. Ba mu da hanyar rarrabe biyun daga nan.

Ɗan_Kumasi:
Akwai wanda ya karanta How Much of These Hills Is Gold na C Pam Zhang? Na 2020 ne, 'ya'yan Sinawa masu haƙa su biyu, marayu, ɗaya an haife ta mace tana rayuwa a matsayin yaro. Ina son in ji ko uban ne ya ɗora mata don yana son ɗa namiji, ko daga ita ne, domin wannan zai koma kan gardamar Sadauki da Zinariya.

Binta_Damagaram:
Na karanta. Duka biyun suna ciki: uban yana so, ladan yaro a wurin haƙa ya fi, kuma yarinyar, mai suna Sam, ba ta sauya ba bayan uban ya mutu. Marubuciyar ba ta yanke hukunci ba. Akwai kuma batun Sinawa da ba mu taɓo ba ko kaɗan, dokar 1875 da ta toshe shigowar matansu da ta 1882 da ta hana ma'aikatansu, waɗanda suka bar unguwanni cike da maza zalla.

Mai_Gudanarwa:
To mu sa shi cikin jerin watan gobe, duk mai kwafi ya yi magana. Malam Tarihi, in da hali ka shirya mana bayani a kan Sinawan da suka yi aikin layin dogon da aka kammala a 1869 kafin mu fara, don yawancinmu ba mu san wannan ɓangaren ba.